Kafaɗar Hagu ta Alisabatu

Matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, ba sa ɗora kaya a ka. A wurinsu kai ya riga ya ɗauki nasa nauyin: tunani, da sunayen 'ya'ya, da addu'a, da duk abin da mace ta gani ta haɗiye. Ba a ƙara masa itace. Kafaɗa ce ke wannan aikin. Mace za ta kafa ƙatuwar ƙwarya tsakanin wuya da kafaɗa, ta jera itace ko doya har ya zarce kanta, ta ɗan sunkuya, ta tallafe da hannu ɗaya, ta kama hanya. In ka hango su da sassafe sun jeru, sai ka ce bishiyoyi ne suka gaji da daji suka taso za su gari.

Alisabatu matar Andrawus tana cikinsu, kuma shekara da shekaru ita ce a gaba.

Ƙauyensu yana bayan Tagwai, inda duwatsu ke zaune kamar tsofaffin da suka gama magana. Shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha, a 1976, Alisabatu tana goye da autarta Rose. Gari ya cika ya batse: ma'aikata, magina, masu gadi, 'yan reluwe da iyalansu. Kowa da cikinsa, kowane ciki da murhunsa, murhu kuwa itace yake ci. Sai kafaɗun matan ƙauye suka zama hanyar da daji ke bi ya shiga birni. Da rani itace, da damina sabuwar doya. Da wannan kafaɗa ta hagu Alisabatu ta tura 'ya'yanta makaranta, da ita ta sa wa ɗakinta kwano. Wurin ya yi kanta, ya yi baƙi, ya taurare kamar tafin ƙafa. Takan ce ko kunama ta harbe ta a nan, kunamar ce za ta ji ciwo.

Da aka tare ruwan Tagwai aka yi dam, ruwa ya ci gajeriyar hanyarsu. Tilas suka koma bin tsohuwar hanyar tudu, wadda iyayensu mata suka bi. A ƙarshen hawan akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse daidai ƙugu, inda ake jingina ƙwarya a sauke nauyi ba tare da an durƙusa ba. Kowace mace tana son dutsen nan, ban da Alisabatu.

A nan uwarta ta mutu.

Alisabatu tana amarya a lokacin. Sun hau tudun, uwar ta jingina kayanta, ta shafa muƙamuƙi, ta ce amai take ji. Aka ba ta ruwa ta kurɓa. Sai ta ce, "Ku yi gaba, zan same ku." Suka yi gaba. Haka al'adar ayarin take: mace in ta faɗi wannan magana, ba a tsayawa a zuba mata ido. Kallon babbar mace tana haki cin fuska ne. Ana ba ta sirrinta, ta huta, ta taso da mutuncinta. Da suka dawo da yamma suka tarar da ita zaune, bayanta jingine da dutse, kayanta a ɗaure tsaf a gefenta, ƙudaje sun riga su zuwa. Mutane suka ce gajiya ce. Suka ce kaya ne ya karya ta, kamar yadda yake karya mata tun farko. Aka binne ta, aka raba itacenta.

Tun daga ranar, in ayari ya kai dutsen, Alisabatu takan huta a tsaye.

Abin ya fara ne da ranin 1989. Ta haura hamsin, jinin al'ada ya ɗauke mata, ta ma yi murnar rabuwa da shi. Wata safiya a tsakiyar hawan tudun sai ta ji wani abu ya kama kafaɗarta ta hagu daga ciki. Ba irin zafin da ta sani ba ne, wanda ke zaune a fata da tsoka. Wannan nauyi ne mai sanyi, kamar an cusa hannu ta ƙarƙashin ƙashi an riƙe. Ya gangara ta hannu har gwiwarsa. Numfashinta ya gajarce. Da suka kai fili, hanya ta miƙe, sai abin ya sake ta, ya koma inda ya fito.

Sara ce ke bayanta a layi. Sara faccalarta ce, matar ƙanen Andrawus, mace mai baki kamar rediyo.

"Yaya, yau ƙafarki ta yi nauyi. Ko Baban Rose ne ya hana ki barci?"

"Rufe min baki, marar kunya. Kafaɗa ce."

"Kafaɗa? To barka da zuwa cikinmu. Mu da muke kuka da ita tun muna 'yan mata, muna cewa ke ta ƙarfe aka yi miki."

Aka yi dariya. Da yamma Sara ta zo da ruwan zafi da tsumma, ta gasa mata kafaɗar, ta murje ta da man kaɗanya har ta yi sheƙi. Kowace macen Gbagyi ta san wannan magani, kuma yana aiki, domin kowace tana da wannan ciwo. Alisabatu ta yi godiya. Ba ta faɗa wa Sara cewa zafin ruwan bai kai inda abin yake ba.

Ya riƙa dawowa. Kullum a tudun yake jiranta, kamar wanda ya san lokacin wucewarta. Daga baya ya sami sabuwar hanya, ya hau ta wuya ya zauna a muƙamuƙi. Ta ce haƙori ne. Ta tauna kanumfari, ta kuskure baki da ruwan gishiri. Ta sa yatsa ta bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya motsa, ba wanda ya amsa. Ta cire yatsan, ta tsaya tana kallonsa. Hannun uwarta ta tuna, yadda ya shafa daidai wannan wuri. Ta yi maza ta goge yatsan a zane ta shiga wani aikin.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta mai da ƙwaryar kafaɗar dama. Fatar wurin sabuwa ce, ta ɗaye, ta yi jini, tafiyarta ta karkace kamar ta mai koyo. Ta ce a ranta, in kaya ne ke kawo ciwon, to ya bi kayan ya koma dama. Suka kama hawan tudu. Kafaɗar dama tana ƙuna, ƙuna na gaskiya, wanda ta gane. Ta hagu kuwa ba komai a kanta sai iska. A tsakiyar hawan, hannun nan mai sanyi ya zo ya kama ta hagun.

Ba ta gaya wa kowa ba.

A Limawa, cikin tsohon gari, take sauke kayanta wurin Azumi mai tuwo, wata Banufiya da suka yi shekaru suna ciniki da tsiya. Rumfar Azumi kullum cikin hayaƙi take, ma'aikata na layi da kwanoninsu.

"Maman Rose, wannan itace ne ko tsinken sakace? Jiya ɗanye kika kawo min, idona har yanzu ja."

"Idonki ja ne tun haihuwa. Murhunki ne mai ci kamar kura."

Ran nan dai Alisabatu ba ta mayar da martani da ƙarfi ba. Ta zauna a kan turmi, tana jan numfashi. Azumi ta ajiye muciya ta dube ta.

"Ke, lafiya? Kin yi fari kamar toka."

Alisabatu ta faɗa mata kaɗan: kafaɗa, muƙamuƙi, da wani nauyi a ƙahon zuci kamar abinci ya tsaya. Sannan ta ce a hankali, "Ko zuciya ce?"

Azumi ta tuntsire da dariya. "Zuciya! Kin taɓa ganin mai ciwon zuciya? Ni na gani da idona. Wani babban ma'aikacin sakatariya, a kan bencin can, loma a hannu. Ya dafe ƙirji ya kurma ihu, ya faɗi kamar an sare kuka. Mai tumbi, mai mota, mai shan taba. Ke da kike tafiya daga Tagwai da ƙafa, jikinki kamar busasshen kifi, ina zuciya za ta same ki? Ƙirjinki na suka?"

"A'a."

"To ƙwannafi ne. Jiƙa kanwa ki sha. Kafaɗar kuma mataccen jini ne. Ga Gimba can, ya zuƙe miki shi."

Gimba wanzami ne, tsoho, yana zama a gindin mangwaro kusa da rumfar, da zabirarsa da ƙahonninsa. Alisabatu ta zauna a tabarmarsa ta zame zane daga kafaɗa. Ya daɗe yana kallon kantar nan.

"Kai, Mama, askata za ta sha wuya yau." Ya danna da babban yatsa. "Nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"A'a."

Ya bi ƙashin kafaɗa, ya bi wuya, ya ɗaga hannunta ya juya shi gaba da baya. Ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Yanzu yana ciwo?"

"Yanzu ya tafi. Sai ina hawan tudu."

"Ko da kaya, ko babu?"

"Ko da kayan yana ɗaya kafaɗar."

Gimba ya mai da ƙahon da ya ɗauko cikin zabira.

"Baba Wanzam, yaya? Tsoron jinin Gwari kake yi?"

"Jininku da namu duk ja ne, Mama. Amma ciwon kaya in na danna shi yakan amsa. Naki shiru. Ba a nan yake zaune ba, leƙowa kawai yake yi ta nan. Inda yake, ƙahona ba ya kaiwa. Ki je asibiti su auna ki."

Daga rumfa Azumi ta ɗaga murya: "Tsoho ya tsufa! Bakinsa ba ƙarfin zuƙa, shi ne yake korar ciniki!"

Gimba bai yi dariya ba. Ya bi Alisabatu da kallo har ta sha kwana da ƙwaryarta.

Ta wuce ta ƙofar babban asibitin gari a hanyar komawa. Ta ga layin mutane a rana, masu karaya, masu zazzaɓi, mata da jarirai. Ta tsaya a tsallake tana tunanin abin da za ta ce in an tambaye ta. Ta ce ta gaji? Mai ɗaukar itace ta zo asibiti ta ce kafaɗarta na ciwo? Har ta ji dariyar da za a yi. Jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, dogon kuka mai ratsa gari. Ta gyara ƙwarya ta wuce.

Da la'asar ta sami Andrawus a gona yana kafa wa doya sanduna. Mutum ne mai sanyin hali, maganarsa ba ta da yawa. Ta gaya masa abin da wanzami ya ce.

"In kina so, mu je," in ji shi. "Amma ga aikin doya ya taso. Bari a fara haƙa, a sami sarari, in raka ki da kaina."

"Haka na ce ni ma."

"Ai ke ba ki ciwo, Maman Rose. Ni ne raggon gidan."

Ya faɗa ne don ta ji daɗi, ta kuwa ji. Amma da ta juya za ta gida, ɗan tudun kunyar gona kawai ta haura, abin ya taɓa ta a muƙamuƙi, sau ɗaya, kamar mai tuni.

Damina ta yi nisa, sabuwar doya ta fito. Duk Minna tana jiranta. A rumfar Azumi ma'aikata sun fara tambayar sakwara. Sarari bai samu ba, domin lokacin doya ba ya barin sarari. Alisabatu ta lura yanzu ba tudu kaɗai ba ne. Tana daka, sai ta tsaya. Tana shara, sai ta dafa bango. Wata gajiya ta shige ta wadda barci ba ya wankewa, kamar an zare mata laka. A coci, in zumuntar mata sun tashi waƙa, takan buɗe baki kawai, muryar ba ta da iskar fita.

Safiyar ranar, gari ya waye da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Duk da haka ta tashi jiƙe da zufa, zufa mai sanyi mai danƙo. Ta ɗebi kunu ta kasa sha. Andrawus ya dube ta.

"Ki bari yau. Sara ta kai."

"Sara tana da nata. Na yi wa Azumi alkawari."

Ta jera doya a ƙwarya, manya-manya, ƙasa na manne da su. Ta mai da ita kafaɗar hagu, tunda canjin bai amfana komai ba. Matan suka jeru, ita a gaba.

Hanya ta yi santsi. Hazo yana kwance a kan ruwan dam, fari, ba motsi, kamar an shimfiɗa likkafani ana jiran mai shi. Tun kafin su kai gindin tudun abin ya iso. Yau bai jira wurinsa ba. Ya kama kafaɗa, ya kama muƙamuƙi, ya buɗe wani sabon wuri a tsakiyar baya, tsakanin allunan kafaɗu, kamar an kafa turmi a nan ana dannawa. Ta ce a ranta, in mun kai fili zai sake ni, kullum yana sakina. Ta riƙa ɗaga ƙafa. A bayanta Sara tana ba da labarin wani ango da ya gudu daga gona saboda tsutsa, mata na dariya, amma muryoyin suna zuwa mata daga nesa, kamar daga cikin rijiya.

Suka kai dutsen. A karo na farko tun tana amarya, Alisabatu ta jingina ƙwaryarta a kansa. Ta zame ta zauna. Nauyin doya ya sauka, ɗaya nauyin bai sauka ba. Ta jira. Bai sake ta ba. Amai ya taso mata. Hannunta ya tashi da kansa ya shafa muƙamuƙi.

Dariya ta mutu. Sara ta miƙo mata gorar ruwa, ta kurɓa. Sauran matan suka kau da fuska, wannan tana gyara ɗaurin zane, waccan tana kallon sama ko ruwa zai dawo. Suna ba ta sirrinta. Suna jiran maganar da za ta sallame su.

Maganar tana kan harshenta, a shirye, sumul kamar tsakuwar rafi. Ku yi gaba, zan same ku. Ita ce maganar mutunci. Ita ce ta dace da macen da ta ja ayari shekara da shekaru, wadda kunama ke tsoron kafaɗarta. In ta faɗa, za su tafi, ba wadda za ta ga Alisabatu tana haki. Ta ji sanyin dutsen a bayanta, ta gane daidai nan bayan uwarta ya jingina. Ta dubi doyarta a gefe, a ɗaure tsaf. Wani ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryar yana wanke hannu.

"Sara."

"Na'am, Yaya. Mu yi gaba?"

"Kada ku tafi."

Ba wadda ta motsa. Ba su taɓa jin wannan magana a wurin nan ba.

"Kada ku bar ni," in ji Alisabatu, muryarta siririya. "Abin da ya kashe Mama ne. Ba kafaɗa ba ce. Ku kai ni asibiti."

Sara ta dube ta ido cikin ido, abin da ladabi ya hana. Abin da ta gani ya sa ta sauke ƙwaryarta a ƙasa da ƙarfi har doya ta tarwatse.

"Kun tsaya kallon me? Ku sauke! Ku sauke duka!"

Suka sare sanduna biyu a gefen hanya, suka kwance zannuwan sama suka ɗaure a tsakani. Suka kwantar da ita, kanta a ɗage. Mata huɗu suka ɗauka, a kafaɗa, yadda suka iya. Aka bar ƙoren doya a gindin dutse, ba mai tsaro, abin da ba a taɓa gani ba a hanyar nan. Alisabatu tana kallon sama tana lilo a kanta, rassan bishiyoyi na wucewa. Ta ji numfashin matan a ƙarƙashinta, ta ji yadda suke daidaita taku. Ashe haka kaya ke ji, ta ce a ranta.

"Yaya, ki yi min magana," in ji Sara tana haki. "Kin fi doya nauyi, wallahi. Duk tuwon Azumi ne kike ɓoyewa a ƙashi."

"Marar... kunya."

"Yauwa. Ci gaba da zagina. Kada ki daina."

A bakin kwalta, wajen Chanchaga, Sara ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannuwa, har wata a-kori-kura ta ci burki direban na zagi. Da ya leƙa ya ga abin da suke ɗauke da shi, ya haɗiye sauran zagin ya buɗe baya.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su a babban asibiti sunanta Magdalina Kambai, 'yar kudancin Kaduna, gajeriya mai saurin hannu. Ba ta sa su a layi ba. Ta dubi zufar, ta dubi leɓɓan, ta naɗa wa Alisabatu abin awon jini a dantse, ta ga abin da ta gani, ta aika a kira likita da gudu.

"Sista, ki yi haƙuri," in ji Alisabatu. "Wataƙila gajiya ce kawai."

"Ɗaga harshe, Mama." Ta sa mata wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashinsa. "Kada ki haɗiye, bar ta ta narke. Haƙurin kuma ki riƙe abinki."

Kwanakin farko ba wanda ya yi wa Andrawus alkawarin komai. Ya zauna a barandar asibiti da ƙasar gona a ƙafarsa, hularsa a hannu. An manna wa matarsa wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta zana bugun zuciyarta, likita ya duba ya girgiza kai. Azumi ta zo da kwanon tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, ta kasa tsiya. Da ƙyar ta ce, "Ni na ce ta sha kanwa," ta fashe da kuka.

Abin ya sassauta a hankali, kamar ruwan da ya cika rafi yana janyewa. Wata rana da hantsi Sista Magdalina ta zo gyara mata gado, Alisabatu ta riƙe hannunta.

"Sista, sun ce zuciya ce. Amma ƙirjina bai soke ni ba. Ban yi ihu ba."

"Ku ai ba kwa ihu, shi ne matsalar." Ta zauna a bakin gadon. "Zuciya tana da nata hanyoyin jini, sirara. In ɗaya ta cushe, naman wurin sai ya fara mutuwa. Naki hawan jini ne ya daɗe yana ɓarna, ba ki sani ba, don ba a taɓa auna ki ba. Namiji sau da yawa yakan dafe ƙirji ya faɗi, kowa ya gani. Mace kuwa, sau da yawa abin ta bayan gida yake shigo mata: muƙamuƙi, kafaɗa, tsakiyar baya, amai, zufa mai sanyi, numfashi ya gajarce, gajiyar da ba ta da dalili. Musamman in al'ada ta ɗauke. Sai ta ce ƙwannafi ne, ta ce aiki ne, ta ɗora tukunya. A ƙauyenmu ma haka ne. Ku kuma naku ya fi, tunda kuna da kafaɗar da za ku ɗora wa laifi."

Alisabatu ta ɗaga ido tana kallon silin.

"Uwata ta shafa muƙamuƙi. Ta ce amai take ji. Muka bar ta a hanya." Ta juyo. "Da an kawo ta, da ta rayu?"

Sista Magdalina ta dafa hannunta.

"Ban sani ba, Mama. A zamanin nan ma ba kowa muke iya riƙewa ba. Ke kanki da kin ƙara jinkiri, da ba ma wannan hirar. Amma da ba ta tafi ita kaɗai ba."

Alisabatu ta koma gida da rai, amma ba duka ba. Wani yanki na zuciyarta ya mutu a hanyar Tagwai, likita ya ce ba zai dawo ba. Aka hana ta kaya har abada. Aka rage mata gishiri, aka raba ta da kanwa, aka ce ta riƙa tafiya a fili a hankali, ta riƙa zuwa awo. Andrawus da kansa yake raka ta, ko ana tsakiyar haƙar doya, kuma bai ƙara furta kalmar sarari ba. Ƙwayoyin ƙarƙashin harshe suna cikin 'yar kwalba a ƙulle a bakin zanenta, inda wasu mata ke ƙulle goro.

Kantar kafaɗarta ta yi laushi da shekaru, baƙin ya dusashe. Wani lokaci takan shafa wurin kamar mai neman wani abu da ta ajiye. Ƙatuwar ƙwaryar tana bayan ɗaki, kaza ta mai da ita wurin ƙwai. Da safe Alisabatu takan zauna a ƙofar gida ta ga ayari ya wuce, Sara a gaba, ta bi su da ido har hanya ta haɗiye su. Abin yana nan cikinta, ta sani. Wani lokaci in hadari ya haɗu, ko ta yi saurin tashi, yakan taɓa muƙamuƙinta a hankali. Sai ta zauna, ta kwance bakin zane, ta kira wanda ke kusa. Ba ta ƙara jin kunyar kira ba.

Wata yamma, shekaru bayan haka, Sara ta dawo daga gari a makare, ta zube a gefenta tana fifita da gefen zane.

"Yau mun sha zagi wurin Azumi. Rana ta take kafin mu isa."

"Me ya tsare ku?"

"Matar Shekwolo, wadda ke bayana a layi. Mun kai dutse ta ce mu yi gaba za ta same mu."

Alisabatu ta daina tsince waken da ke gabanta.

"Sai muka sauke," in ji Sara. "Dukanmu. Muka zauna muka zuba mata ido. Ta yi fushi, ta ce mu mayu ne, ta ce ƙaya ce kawai ta soke ta. Na ce to cire muna kallo."

"Ƙayar ce?"

"Ƙaya ce, ƙatuwa. Amma na ce mata gobe sai ta biyo mu asibiti an auna ta, tunda na ga tana haki tun gindin tudu. Ta ce ba za ta ba."

"Za ta," in ji Alisabatu. Ta ture tiren wake, ta dafa kafaɗar Sara ta miƙe a hankali, ta laluba bakin zanenta ta ji kwalbar tana nan. "Tashi ki raka ni gidansu."